Wace kalma za mu ba "bowl" na ƙwallon jami'o'in Amurka?

Jama'a, masu fassara labarin wasanni, ku zo mu daidaita kan wannan. Ƙwallon nan na Amurka da ake rungumewa a ruga da shi nake nufi, ba ƙwallon ƙafa ba.

Ta "playoff" ba ta da wuya. Kada mu ce wasan cike gurbi, domin babu gurbin da ake cikewa. Ƙungiyoyi ne ke karawa, wanda aka doke ya tafi gida, har a samu zakara. Sili ɗaya ƙwale ke nan. An fara tsarin a kakar 2014 da jami'o'i 4, aka mai da su 12 a 2024.

"Bowl" ce ke ba da wahala. Wasu sun ce kwano, kuma suna da hujja: filin Rose Bowl da ke Pasadena a Kalifoniya siffar kwano gare shi, daga can sunan ya yaɗu. Amma wa zai ji "wasan kwano" a rediyo ya gane? Wasu sun ce kofi. Wannan ma bai zauna ba, don kofi gasa ce mai zagaye-zagaye, shi kuwa wannan karawa ɗaya ce tak, ta gayyata, a ƙarshen kaka.

Ni ina ganin mu ce wasan biki.

Ga dalilina. Tun 1902 aka fara na Pasadena, kuma an ƙirƙire shi ne don ya ƙawata bikin jerin gwanon furannin wardi (wato "rose") na 1 ga Janairu. Bikin ne ya haifi wasan. Sauran ma amfanin ƙasarsu suka ɗauka suka yi suna: sukari a New Orleans, lemo a Miami, auduga a Dallas. Kamar damben da ake buɗewa a gari bayan an kai amfanin gona gida.

Kuma abin da masoyansa ke tsoron rasawa ke nan. A da, daga 1947, al'ada ce zakaran Big Ten, wani babban rukunin gasar jami'o'i, ya je Rose Bowl ya gamu da zakaran jami'o'in gaɓar yamma. Yanzu Rose Bowl ya zama zango a hanyar kofi: a Janairun 2025 wasan kusa da na kusa da ƙarshe ne, Ohio State ta doke Oregon, dukansu 'yan Big Ten. Wannan ya dame ni ƙwarai. Idan muka ce kofi, mun taya sabon tsarin shafe tsohon.

Sai mu rubuta: Wasan Bikin Wardi, Wasan Bikin Sukari, Wasan Bikin Auduga. Wanda ke da wadda ta fi, ya kawo ta mu gwada a cikin jimla.