Kwanon mangazata ya ci tsatsa cikin damina 3

Ɗan Gulbi: Salamu alaikum. Na rufa mangazata a Sabon Gari da sabon kwano, damina 3 kacal ya huhhuje, ƙofar ƙarfen ma ta ruɓe daga ƙasa. Na maƙwabcina mai ajiyar gero da wake lafiyarsa lau, kuma rana ɗaya muka saya. Takin zamani nake ajiyewa. Abin ya dame ni ƙwarai.

Maƙeri: Wa alaikumus salam, Alhaji. Takin ne. Kwano ƙarfe ne da aka shafa wa tutiya, ita ke tare tsatsa. Yuriya da NPK 15-15-15 suna jan laima, NPK kuma yawanci akwai gishirin kuloraid a ciki. Ƙurarsa ta hau kwano, raɓar Agusta ta jiƙa ta, sai ta cinye tutiyar, ƙarfe ya rage tsirara. Ka ɗora buhuna kan katako, ka buɗe tagogi sama, ƙofar a kankare ta a shafa jan fenti.

Hajiya mai ƙuli-ƙuli: Ni robobina ne ke farfashewa a tsakar gida, Malam.

Maƙeri: Wannan rana ce, Hajiya. Haskenta ke tsinka ƙwayoyin roba har ta yi fari ta bushe. Baƙar roba ta fi jurewa. Ki mayar da su inuwa.