Finafinan Dracula: ga yadda na jera su, ko na zalunci na 1992?

Garba Tudun Wada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na karanta littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, sannan na bi finafinan da aka yi a kansa, waɗanda hannuna ya kai gare su dai, don yawansu ya wuce misali. Zan jera muku su, ku kuma ku faɗi inda kuke ganin ban yi adalci ba.

Ga abin da na auna su da shi. A littafin, shi Dracula ba ya yawan fitowa. Babobi huɗu na farko ne muke tare da shi a gidansa na Transylvania, ta bakin Jonathan Harker, matashin lauyan da ya kai masa takardun gidan da ya saya kusa da Landan. Daga nan sai ya yi layar zana. Sauran labarin duk takardu ne: wasiƙun Mina, budurwar Harker da ya aura daga baya, da ƙawarta Lucy, yankan jarida, rajistar kyaftin ɗin jirgin ruwa, da bayanan da Dakta Seward ke ɗauka a na'urar naɗar murya. Kowa na riƙe da guntu, ba wanda ya san duka. Lucy na ta ramewa, maza huɗu suka ba ta jininsu ɗaya bayan ɗaya, gari na wayewa jinin ya tafi. Kai mai karatu ka san wanda ke shigowa ta taga, su ba su sani ba. A wurina nan tsoron yake. Saboda haka fim ɗin da ya ɓoye shi ya fi min wanda ya zaunar da shi a gabanmu yana ta zuba.

Na ɗaya a wurina Nosferatu ne na 1922, na Bajamushe F. W. Murnau. Baƙi da fari ne, babu ko murya, amma har yau ban ga wanda ya kamo shi ba. Ba su nemi izini ba, sai suka sauya sunaye, Dracula ya koma Orlok, Ingila ta koma Jamus. Duk da haka matar marigayi Stoker, Florence, ta maka su a kotu ta kuma yi nasara, aka ba da umarnin lalata fim ɗin. Ƙarar kwana ce ta sa wasu kwafi suka tsira. Max Schreck ya fito a matsayin Orlok da ƙwalƙwal ɗin kai, kunnuwa a tsaye, haƙoran gaba biyu irin na ɓera, farata zaƙo-zaƙo. A cikin jirgi yana tashi daga akwatin gawa a sandare, ko gwiwa bai lanƙwasa ba. Da ya zo wa matar kuwa, ba shi ake nuna maka ba, inuwarsa ce ke hawa bene, inuwar hannun ta miƙe ta damƙi ƙirjinta. Sannan duk inda ya sauka ɓeraye da annoba na biye da shi, ka ga ana jerin gwano da akwatunan gawa a tsakiyar titi. Wannan fim ne ma ya kawo zancen cewa hasken rana na kashe shi. A littafin yana yawonsa da rana tsaka a Landan, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa.

Na biyu, Count Dracula na BBC, 1977, wajen awa biyu da rabi. Shi ya fi bin littafin sau da ƙafa. Sun je garin Whitby na gaske suka ɗauka, da maƙabartar nan ta kan tudu, sun nuna shi yana sauka daga bangon gidansa kai a ƙasa, sun nuna jakar da ya kawo wa matan nan uku masu shan jini da ke gidansa da jariri a ciki. Louis Jourdan ba ya ɗaga murya ko kaɗan, kuma sanyin nan nasa ya fi ihu tayar da hankali. Aibinsa dai wasu dabarun kyamarar sun tsufa, kuma sun mai da Mina da Lucy ya da ƙanwa.

Na uku na 1958 na kamfanin Hammer, na huɗu Nosferatu na Robert Eggers na 2024. Shi na Eggers ya yi kyau, har ya dawo wa dodon da gashin baki kamar yadda yake a littafi, sai dai duhunsa ya yi yawa, in a waya ka kalla fuskarka kawai za ka gani a gilashin. Na biyar na Bela Lugosi, 1931. Mintunan farko a gidan Dracula sun yi armashi, daga nan ya zama wasan daɓe, mutane a tsaye a falo suna ta bayani, kashe shi ma a bayan fage aka yi, nishinsa kawai muka ji.

Na Coppola na 1992 shi na sa na shida, sama da na BBC da Netflix na 2020 kaɗai. Na san nan ne rigimar take. Bismillah.

Maman Iman:

Wa alaikumus salam. Kai Malam Garba, ka ji tsoron Allah! Na shida? Kai da bakinka ka yabi na 1977 saboda bin littafi, to wane fim ne ya bar samarin Lucy su uku cif kamar yadda Stoker ya rubuta, Arthur da Seward da Quincey Morris ɗan Texas? Na 1977 ɗin naka haɗe Arthur da Quincey ya yi suka zama mutum ɗaya. Coppola ya bar tseren ƙarshe a kan dawakai, rana na shirin faɗuwa, ya bar wuƙar Quincey, ya bar mutuwarsa. Har rubuce-rubucen da kake magana ya nuna, da keken bugun Mina da na'urar Seward.

Sannan ka dubi aikin ido. Mutumin ya ƙi kwamfuta, ya ce da tsofaffin dabarun kyamara za a yi. Inuwar Gary Oldman, wanda ya fito a matsayin Dracula, na tafiyarta daban, har tana neman shaƙe wuyan Harker. Kayan sawar da Eiko Ishioka ta tsara sun ci kyautar Oscar, ɗaya daga cikin uku da fim ɗin ya samu. Lucy a farar rigar amarci tana saukowa cikin kushewa da yarinya a hannu, in wannan bai tsorata ka ba, to zuciyarka ta dutse ce.

Na yarda sun ƙara soyayyar da babu a littafi, wai Mina matarsa ce da ta mutu a 1462 ta sake dawowa duniya. Mu da muka tashi da kallon finafinan Indiya wannan ba baƙon abu ba ne, waƙa da rawa kawai suka rage. Turancin Ingila na Keanu Reeves, wanda ya fito a matsayin Harker, kam ba zan kare shi ba.

Baba Ilu:

Yara, ku bar wannan gardama, na 1958 shi ne uba. A silima na fara ganinsa muna samari, irin wadda sama take a buɗe, kuma ranar da yawanmu a ayari muka koma gida.

Garba, in ma'auninka ɓoyewa ne, to da shi ya kamata ka fara. Christopher Lee ya bayyana a saman bene, baƙi ƙirin, kowa ya ɗauke numfashi, sai ya sauko da sauri ya gaida baƙonsa cikin ladabi, ya ɗaukar masa kaya. Jim kaɗan sai ga shi ya faɗo ɗakin littattafai, ido jawur, jini a baki, ya tsallake tebur ya yi jifa da matar da ta ciji Harker. Bayan 'yan maganganun da ya yi da Harker a farko bai ƙara cewa uffan ba har fim ya ƙare. Can gaba Van Helsing, likitan da ke farautar Dracula, da Arthur suka kwana suna gadin gida daga waje, ashe akwatinsa na cikin ɗakin ƙasa na gidan. Ƙarshen kuwa, Peter Cushing, wanda ya fito a matsayin Van Helsing, ya bi ta kan dogon tebur a guje, ya yi tsalle ya fizgo labule, rana ta shigo, ya haɗa sandunan kyandir biyu ya tare shi har ya zama toka. Bai kai awa ɗaya da rabi ba, ba inda za ka yi hamma.

Abin da na yarda an yi asara shi ne babu jirgin ruwa, babu Renfield mai cin ƙudaje. Kuɗinsu bai kai ba.

Auwal Ɗan Boko:

Baba Ilu ya gama magana. Ni dai Yaya Garba, na 2020 nake roƙa wa sassauci. Kashi uku ne, kowanne minti 90, kada na ukun ya sa ka jefar da biyun farko. Inda 'yar zuhudu Agatha ta tsaya a ƙofar gidan ibadarsu tana yi wa Dracula ba'a don ta san ba ya shiga sai an gayyace shi, wurin ya yi. Kashi na biyu kuma gaba ɗaya a cikin Demeter, jirgin ruwan da ya ɗauko Dracula zuwa Ingila, aka yi shi. Da suka tsallaka shekara 123 ya fito a zamanin wayar hannu har da lauyansa, nan ni ma na tsuke baki. Akwai kuma fim na 2023 da aka gina kacokan a kan tafiyar jirgin, ban ga ka ambace shi ba.

Garba Tudun Wada:

Na gode ƙwarai. Auwal, na 2023 na bar shi ne don guntun babi ɗaya ya ɗauka, ba littafin ba. Kuma 'yan shafukan nan sun fi shi: ma'aikata na ɓacewa ɗaya ɗaya, jirgi ya iso Whitby cikin hadari da gawar kyaftin ɗaure a jikin sitiyari, wani ƙaton kare ya dira ya ɓace. Ba a nuna maka komai ba.

Maman Iman, duk abin da kika lissafa gaskiya ne, amma inda na sa shi nan zai zauna, kuma saboda Mina ne. A littafin ita ce ta tattara takardun kowa, ta buga su, ta jera su bisa kwanan wata, sai a lokacin mazan suka gane abin da ke faruwa. Da Dracula ya gano haka ƙona takardun ya yi, Allah ya sa akwai kwafi a ajiye. Daren da ya shigo mata, mijinta na kwance a gefe ba ya cikin hayyacinsa, ya yanka ƙirjinsa ya danna kanta da ƙarfin tsiya ta sha jinin. Ta wayi gari tana ƙyamar kanta, kuma ita ce daga baya ta zauna da taswira ta gano kogin da ya bi zai koma gida. Coppola ya ɗauki wannan daren ya mai da shi daren masoya, ita ce ma ke roƙonsa. Da zarar an ce in tausaya wa wanda ya ba matansa jariri su ci, na daina jin tsoronsa, kuma ban fara son sa ba.

Baba, naka zan iya ɗaga shi zuwa na biyu in na sake kallo, amma na ɗaya a'a.

Baba Ilu:

To ka sake kallo da dare, ba da rana a shago ba. Kuma duk mai niyyar na 1992 ko na 2024, ya bari yara su kwanta tukuna, akwai wuraren da ba na kallo da iyali ba ne.