Wa ya kwana ido biyu saboda final ɗin WNBA? Kowa ya zo ya faɗi yadda ya yi

Maman Ummi, Garwa

Salamu alaikum ƴan uwa. Tunda ƙura ta lafa ina so kowa ya zo ya faɗi yadda ya yi ya kalli final ɗin WNBA na 2025, Las Vegas Aces da Phoenix Mercury, don na tabbata ba ni kaɗai na sha wuya ba. Wanda bai sani ba, WNBA ita ce babbar gasar basket ta mata a Amurka, tun 1997 suke bugawa, daga Mayu zuwa Oktoba, wato daidai damunarmu. Da ba ta dame ni ba sosai, sai ɗan guntun bidiyo a YouTube, amma da na ji ƴar Kamaru Monique Akoa Makani tana cikin biyar ɗin da Phoenix ke fara wasa da su kuma har sun kai final, ai sai na ce ko ana ha maza ha mata sai na gani da idona. To ga matsalar, ƙarfe 8 na dare a gabashin Amurka ƙarfe 1 na dare ne a nan, awa 5 ne tsakani, kuma uku daga cikin wasanni huɗun a wannan lokacin aka buga su. Ni dai cikin gidan sauro na kalla, waya a hannu, kunne ɗaya na saƙala abin ji, ɗayan ina sauraron yarinya kar ta farka. Maigida ya juyo ya ga haske ya ce ke kuma lafiya, na ce basket ne, ya ce Allah ya shirya ya juya ya ci gaba da barcinsa hhh. Wasan farko ya fi ci mini rai, saura sakan ashirin da ƴan kai Phoenix na baya da maki 1 aka ba Alyssa Thomas jifa biyu na kyauta ta zubar da duka biyun, aka tashi 89 da 86, ga shi ba damar ihu sai filo na ciza. Ku fa?

Mai Gidan Kallo, Marwa

Wa'alaikumus salam Hajiya. Ni gidan kallo gare ni a wajen Domayo, kuma gsky na ƙarfe 1 ɗin nan ban buɗe ba ko sau ɗaya, wa zai ƙona man grup, wato janareta, saboda mutum uku, ga shi lokacin kamfen ne ana jiran zaɓen 12 ga Oktoba, kowa yana so ya shige gida da wuri. Wasa na biyu ne kawai ya faɗo mana daidai, ranar Lahadi 5 ga wata ƙarfe 8 na dare. Ranar da yamma Sevilla ta lallasa Barcelona 4 da 1, rabin kwastomomina sun watse da fushi ko kuɗin shayi wasu ba su tsaya biya ba, sai na ce bari in saka basket a ƙaramar tele ta kusurwa, babbar kuma a bar wa masu ƙwallon Turai. Da farko dariya suka yi ta yi wai na kawo musu wasan mata, wani ma cewa ya yi in mayar masa da sefa 100 ɗinsa. Ba a gama kwata na biyu ba sai na ga benci ya fara juyawa, wanda ya nemi kuɗinsa shi ne ya fi kowa tambaya, wace ce mai lamba 22 ɗin nan, na ce A'ja Wilson kenan ta Aces, ya ce wannan ai ba a tare ta sai dai a yi mata addu'a. Duk sanda Monique ta taɓa ƙwallo sai ɗaki ya ɗauka, ga tamu ga tamu, mutanen da awa ɗaya baya ko sunanta ba su taɓa ji ba. An ci mu 91 da 78 amma ba wanda ya tashi.

Abin da na lura da shi kuma, mace ko ɗaya babu a ɗakin. Wasan mata, ƴan kallo maza zalla.

Ƴar Dang, Ngaundere

Yaya mai gidan kallo ai ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ta ina mace za ta shigo? Ko ni da nake jami'a ina zaune a site ɗin ɗalibai ba zan je gidan kallo da dare ba, gobe sunana ya zaga har gidanmu. Mu dai a ɗakin wata ƙawata muka taru mu biyar don wasa na uku, daren Laraba wayewar Alhamis, muka haɗa kuɗin forfe na intanet, aka ɗora lafto a kan bokiti da aka kife, Indomie da shayi don kar barci ya kwashe mu. Wajen ƙarfe 2 ruwa ya sauko irin na Ngaundere da ba ya sallama, wuta ta ɗauke, rezo ya fara rawa, hoto ya tsaya cak sai murya, can kuma murya ta tafi hoto ya dawo. Aces sun ba mu tazarar maki 17 biyu daga cikinmu suka ce su kam sun haƙura suka ja bargo, to a kwata na ƙarshe Phoenix suka taso wlh kamar ba su ba, DeWanna Bonner da Kahleah Copper suka yi ta zubawa har aka yi 88 da 88, muka tashe su da duka. Ana cikin haka Satou Sabally ta Phoenix ta bugu a kai aka fita da ita, wasa na huɗu ma ba ta buga ba. Saura sakan biyar ƙwallo na hannun Aces, daidai nan hoto ya sake tsayawa, abin nan yana ta juyawa a tsakiyar allo yana juyawa, mu biyar mun riƙe numfashi, sai wayata ta yi ƙara, ɗan ajinmu da ke Yaunde ya turo mini saƙo wai sai haƙuri. Kafin mu ga jifar A'ja Wilson da idonmu mun riga mun san ta shiga. 90 da 88, saura ƙasa da sakan ɗaya. Har yau ban yafe masa ba. Ƙarfe 8 kuma muna da darasi, malamin ya tambaya ko rasuwa aka yi mana.

Baban Zara, Injamena

Ni ɗan Chadi ne tela, ba ƴar ƙasarmu a ciki, amma tsakaninmu da Kuseri ai gadar Ngeli ce kawai, abin maƙwabci naka ne. Ban kwana ido biyu ba gsky, mai keke da zare ba ya wasa da barci, ga tsadar intanet a nan kun sani. Abin da muke yi, bayan sallar asuba ƴata ta ɗauko wayata mu kalli taƙaitaccen wasan na minti goma kafin ta tafi lakwal, doka ɗaya ce ba mai buɗe Facebook kafin nan. Yarinyar shekararta 14 ta riga ta fi uwarta tsayi, a unguwa ana ta tsokanarta da zanƙaleliya har ta fara tafiya a duƙe tana ɓoye tsayin. Da na nuna mata Dominique Malonga, wadda aka haifa a Yaunde, mita 1.98, Seattle Storm suka ɗauke ta ta biyu a zaɓen sababbin ƴan wasa na 2025 tana ƴar shekara 19, sai da ta sa na maimaita mata bidiyon da take danna ƙwallo cikin raga da hannu. Yanzu kafaɗa a miƙe take tafiya, kuma ta dame ni in ɗinka mata dogon wando na wasa mai roba a ƙafa.

Sarkin Musu, Kuseri

Ku yi haƙuri zan ɓata muku hira. Wannan tamu tamu da kuke yi, a wane fili na Kamaru aka koya musu? Monique a Faransa ta girma a can ta yi wasa, Malonga ma Faransa take buga wa, da rigarsu ta ci azurfa a Olamfik na Paris 2024 da Amurka ta tsira da maki 1, 67 da 66. Haihuwa kawai muka yi wasu suka raina. Ni na kalli wasa na huɗu a shagon cajin waya na abokina, 97 da 86 aka share su 4 da babu, ban ji komai ba na je na kwanta.

Ƴar Dang, Ngaundere

Kai Sarkin Musu ba ka ji komai ba amma ka zauna har ƙarfe 3 na dare a shagon caji? To sannu. Kuma Monique rigar Kamaru take sakawa in an kira ƙasa, ka bincika.

Koci, Garwa

Sarkin Musu yana da rabin gaskiya, ku bar shi. Amma ka manta da Dulcy Fankam Mendjiadeu, haifaffiyar Nkongsamba, ta tafi jami'a a Amurka Seattle suka ɗauke ta a 2023. Kuma ƴan matanmu na ƙasa ba baya ba ne, a Afrobasket, gasar basket ta ƙasashen Afirka, na 2015 a Yaunde sun zo na biyu bayan Senegal, a 2021 nan Yaunde ɗin dai suka zo na uku, Najeriya ta ɗauki kofi. Tambayar da ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce ina ƴan arewa a cikinsu, alhali tsayi a nan yake, ku shiga kasuwar Marwa ko Yagwa ku duba da kyau.

Ni malamin wasanni ne a wata lise, ina da ƴan mata da nake koya wa basket a filin siminti da ya tsattsage, raga ɗaya ma a karkace take. Yadda na kalli final ɗin, ni da littafi da biro na zauna, ina sauke wasan in kai musu a waya washegari mu tsaya muna dubawa. Ga wanda bai saba ba, kwata huɗu ne kowanne minti 10, ƙwallonsu lamba 6 ce ta fi ta maza ƙanƙanta kaɗan amma tsayin raga ɗaya ne, kuma 2025 ne karon farko da aka mai da final wanda ya fara cin wasa 4 cikin 7, da 3 cikin 5 ne. Abin da nake nuna wa yarana game da Monique ba maki ba ne, ku daina ƙirga mata maki, aikinta shi ne ta manne wa mai rarraba ƙwallon abokan gaba tun daga tsakiyar fili ta hana ta sakat, in ta samu sarari ta jefa ta maki uku. Yarinyar da ko a zaɓen sababbin ƴan wasa ba a kira sunanta ba, gwaji ta je ta ƙwaci gurbi, shekararta ta farko sai ga ta a final tana gadin irin su Chelsea Gray da Jackie Young na Aces. Su kuma Aces kar ku ga kamar da sauƙi suka zo, a farkon Agusta Minnesota ta yi musu 111 da 58, daga nan ne suka ci wasa 16 a jere, kofinsu na uku kenan bayan 2022 da 2023, A'ja Wilson kuma gwarzuwar gasa karo na huɗu, ba wadda ta taɓa yin haka.

Inda nake shan kashi shi ne wajen iyaye. Yarinya tana kai aji na uku ko na huɗu sai uba ya aiko wai ta girma ta daina tsalle gaban maza, na je gidaje na zauna a zaure na yi bayani har bakina ya bushe, na ce musu tun 2017 hukumar basket ta duniya FIBA ta yarda a yi wasa da ɗankwali ko hijabi, dogon wando da riga mai hannu ba wanda ya hana, wani ya yarda wani ya ce Malam sha ruwa ka tafi. Wani uba kuma tambayarsa ɗaya ce, nawa ake samu. Na ce masa Caitlin Clark, ƴar wasan WNBA da duniya ta sani, albashinta na shekarar farko a 2024 dala dubu 76 da ɗoriya ne, ya buga lissafi da sefa ya ce to ai gobe ma ta zo, ban gaya masa cewa su can ƴan wasan a lokacin rigima suke kan kuɗin ya yi kaɗan ba, har riguna suka saka a wasan taurari na 2025 suna neman a biya su haƙƙinsu, kuma shugabar ƙungiyarsu ta ƴan wasa a lokacin Nneka Ogwumike ce, iyayenta ƴan Najeriya. Shi ya sa da yawansu in an rufe gasa a Oktoba sai su wuce Turkiyya ko Faransa ko Sifen su ci gaba da wasa, ba hutu.

Baban Zara, ka nemo wa yarinyar nan ƙwallo lamba 6 ko ta gwanjo ce, ta fara da buga ta a ƙasa da hannun hagu kullum minti 15, raga ta biyo baya.

Baban Zara, Injamena

Na gode Malam, Allah ya saka. Uwar ce dai sai na lallaɓa, ta ce ƙarar ƙwallo a tsakar gida tana sa mata ciwon kai.

Tanti Nas, Marwa

Ni kam aikin dare ya taimake ni, ina gadi a ɗakin haihuwa daren wasa na huɗu kuma Allah ya sa dare ya yi shiru mace ɗaya ce kawai ke naƙuda ita ma da saura. Muka jingina waya a jikin kwalbar ruwa ni da abokiyar aikina, duk minti kaɗan ɗaya ta tashi ta leƙa ta dawo ta ce nawa nawa. Daidai sanda alƙaliyar wasa ta kori kocin Phoenix daga fili a kwata na uku sai aka ƙwala mana kira, muka bar waya tana ta surutu ita kaɗai, da muka dawo an haifi mace ana raba kofi. Mai gidan kallo, tunda kai ma ka lura ba mata a ɗakinka, me zai hana ka ware mana Asabar bayan la'asar in an dawo a Mayu, ka sauke wasan daren jiya ka saka mana, mata da ƴan mata kawai, mu biya kuɗinmu?

Mai Gidan Kallo, Marwa

Tanti Asabar da yamma kam ba zai yiwu ba sai an rufe gasar Ingila a ƙarshen Mayu, in na taɓa musu wannan lokacin sai su cire mini kwano. Daga Yuni zuwa tsakiyar Agusta ɗakin zaman banza yake yi, ku kawo mutum 20 in buɗe, ƙanwata za ta tsaya a ƙofa ta karɓi kuɗi ni in zauna waje wajen grup. Amma duk wadda ta shigo ta faɗi sakamako kafin a gama ita za ta sayi man ranar.