Hoto na fita tas, sifika ta yi shiru: ku taimaka kafin azumi

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, raina a dagule yake. Watan jiya na kwashi adashi na saya wa Hajiyarmu filasma mai inci 43, don tsohuwar talabijin mai ƙeya da muke kallo tun ina firamare hotonta ya koma kore. Hajiya tana Tudun Wada, ni ina Mando, sai Asabar nake leƙa ta. Kunnenta na hagu ya yi nauyi, muryar filasmar ba ta isarta, shi ya sa nake so sautin ya riƙa fita ta homtiyatar marigayi Baba. Da kansa ya sayo ta, har yau kullum da safe sai Hajiya ta goge ta da tsumma ta mayar mata da mayafinta. Na jona wayar nan mai kai uku, ja a ja, fari a fari, amma shiru. Azumi ya ƙarato, tafsiri take son ji.

Mai gyara daga Kawo: Wa alaikumus salam. Malam, ba sai na gani ba. Ramukan ja da fari na bayan sababbin talabijin yawanci na shigar da sauti ne, haska da tocila za ka ga an rubuta AV IN. Babu abin da zai fito ta nan ko ka kwana kana jonawa. Shekara 14 ina wannan sana'a. Ka sayar da tsohuwar homtiyatar, ka sayi mai HDMI ARC, wato ramin da ke karɓar sauti daga talabijin, waya ɗaya ta wadatar, rimot ɗin talabijin ma zai riƙa ƙara murya.

Mai tambaya: Yallabai, maganar sayarwa ba ta taso ba. Lafiyarta ƙalau, jiya ma an ji rediyo da ita.

Ɗan Rigasa: Ba ka ce ko da dikoda ake kallon ba. In da ita ne, abin da sauƙi: HDMI daga dikoda zuwa talabijin, ja da fari kuma daga bayan dikodar zuwa AUX, ramin shigar da sauti na homtiyata. Mai ruwan ɗorawa ta hoto ce, bar ta a sake. Haka nawa yake.

Mai gyara daga Kawo: Wannan dabarar 'yan koyo ce. Murya tana iya riga hoto, malami ya gama magana baki na motsi. Ranar da aka sa filasha a jikin talabijin kuma shiru za a ji, tunda sautin bai biyo ta dikoda ba. In ya nace, ya duba ramin oftikal, ƙarami mai kusurwa huɗu da jan haske a ciki. Ya je kasuwar Sheikh Gumi ya sayi wayarsa da 'yar kwanbata mai mayar da shi ja da fari, ya cire hular robar da ke bakin wayar, ya shiga saitin sauti ya zaɓi PCM. In bai zaɓa ba, ko shiru ko shuuu.

Wata uwa daga Unguwar Rimi: Allah Ya yi maka albarka, ɗana, Ya jiƙan mahaifinka. Ni dai ku riƙa zare komai in hadari ya haɗo. Daminar bara tsawa ta biyo wayar dish ta ƙone mini ramukan HDMI biyu. Wanda na kai wa gyara ya karɓi kuɗina, wata 3 ina sintiri, ƙarshe da wani rimot daban ya dawo mini da ita. Har yau abin na ci mini rai.

Ɗan Rigasa: Shekara 2 nawa na aiki, ban taɓa ganin baki ya saɓa da murya ba. Ko ramin iyafis ma, in talabijin ɗin na da shi, zai yi.

Mai tambaya: Amin Mama, na gode. Ni daidai na jona, mai shagon ne ya ce wayar za ta yi, launi da launi kuma na bi. Kwanbatar nan ita ma wuta take ci? Soket ɗaya ne a ɗakin, Hajiya kuma ba ta son tarin wayoyi a ƙasa saboda jikoki.

Mai gyara daga Kawo: USB na bayan talabijin zai ba ta wuta. Amma na faɗa maka, sayarwa ce mafita.

Mai tambaya: Bari dai Asabar ta zo in sake gwada wata wayar, ina zargin wannan ce jabu.