Ƙawayena na son mu je kangon Berry Pomeroy, in bi su?

Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Ina karatu a Plymouth, 'yan ajinmu sun shirya zuwa wani tsohon gidan sarauta da ya rushe, Berry Pomeroy, can ƙauye kusa da Totnes, to da na bincika sai naga ana cewa yana cikin wuraren da aka fi yiwa kallon masu fatalwa a Ingila, wai akwai wata mata mai fararen kaya da ake gani a hasumiya. Wlh ina son zuwa don ina son tarihi sosai amma gabana faɗuwa yake, Ummata kuma tun muna yara take hana mu shiga kango. Ya halatta ma in je? Akwai wanda ya taɓa zuwa?

Yayar Exeter:
Wslm ƙanwata, na je kuma lafiya lau na dawo. Ba yasasshen wuri bane irin yadda kike zato, English Heritage, wata ƙungiya mai kula da wuraren tarihi a Ingila, ke kula da shi, tikiti ake yanka a ƙofa, ga iyalai da yara suna ta yawo. Dangin Pomeroy suka gina ganuwar a ƙarshen ƙarni na 15, a 1547 Edward Seymour ya saya, zuriyarsa suka tayar da ƙaton gida a ciki wanda basu ma ƙarasa ba, wajen 1700 kowa ya watse. Ki tsaya tsakiyar wannan ginin ba rufi, tagogi a wangame, ki tuna mutumin da ya saye shi shi ke riƙe da Ingila a lokacin amma a 1552 aka fille masa kai, ni abinda ya tsaya min a rai kenan. Mai fararen kayan kuwa wai Margaret Pomeroy ce da 'yar uwarta Eleanor ta kulle saboda kishi har ta mutu, labarin baka ne kawai.

Malam daga Zariya:
Baiwar Allah, wanda ya mutu yana barzahu, baya dawowa yawo a duniya, don haka ki cire maganar fatalwa daga ranki. Aljanu kam gaskiya ne kuma malamai sun ce suna son kufai, shi yasa mahaifiyarki take hana ku. Zuwa don ganin tarihi da ɗaukar izina babu laifi. Kiyi azkar ɗin safe, in kin isa ki karanta a'uzu bikalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ, yana cikin Sahihu Muslim. Amma in ƙawayen naki neman fatalwar zasu je yi ko kiran matattu, kada ki zauna a wurin.

Maman 'yan biyu:
Ni dai ki kira Umma ki faɗa mata kafin ki tafi, in tace a'a ki haƙura kawai. Kuma ku baro wurin kafin magariba.

Yayar Exeter:
Hakane Maman 'yan biyu, ai da yamma ma rufewa suke. Ki duba shafinsu tukun don lokacin sanyi ba kullum suke buɗewa ba. Jirgin ƙasa zai kai ku Totnes, daga nan ku ɗau tasi, hanyar siririya ce ta cikin itatuwa, ku karɓi lambar direban saboda dawowa. Ki sa takalmi mai riƙe ƙasa, in anyi ruwa matakalan dutsen santsi gare su.