Tambaya kan fitowar rana a Dutsen Bromo

Jama'a, ina neman shawarar waɗanda suka san hanyar Bromo, dutse mai aman wuta a ƙasar Indonesiya. Motocin jif na tashi daga ƙauyen Cemoro Lawang wajen ƙarfe 3 na dare zuwa Penanjakan, tudun kallon fitowar rana mai tsayin mita 2,770, rana kuwa tana fitowa bayan 5. Matsalar ita ce hanyar ƙunci gare ta: ranakun hutu motoci kan cunkushe, direba ya tsaya can ƙasa, a ƙarasa da ƙafa cikin duhu da sanyin da ke sauka ƙasa da digiri 10. Akwai dattijo mai ciwon asma a tafiyar, abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Tashin ƙarfe 2 zai wadatar, ko a roƙi direba ya sauke mu King Kong Hill, wani wurin kallon da ke ƙasa da Penanjakan? Sannan hayaƙin farar wuta a bakin ramin aman wutar Bromo, takunkumi zai tare masa shi?