Gansakukar tsaunin Asir na Saudiyya: yaya ake adana ta?

Ɗalibar Abha: Assalamu alaikum jama'ar zaure. An ba ni aikin tattara gansakuka, wadda Larabawa ke kira hazaziyyat, domin ma'ajiyar busassun tsirrai ta sashenmu. Makon jiya na hau dutsen Sauda da ke kusa da garinmu Abha na ɗebo cikin leda, kwana uku kacal duk ta yi funfuna. Wallahi har hawaye na yi. Ina kuskuren yake?

Dakta na Riyad: Wa alaikumus salam 'yata. Ledar ce ta cuce ki, domin tana riƙe danshi. Takarda ake sawa. Ki ninke farar takarda ta zama ambulan, kowane samfuri da nasa. In kin koma gida ki buɗe bakinsu a inuwa inda iska ke ratsawa har su bushe ƙarau. Kada ki danne su da katako kamar yadda ake yi wa ganye da fure, danniya tana ɓata mata siffa. Bushewa kuwa ba ta cutar da ita. Ko ta shekara a ajiye, ki ɗiga mata ruwa za ki ga ganyenta ya buɗe.

Malam na Baha: Dakta ya gama magana kan busarwa. Ni rubutu zan ja miki kunne a kai, don na taɓa asarar aikin wata guda saboda na ce zan tuna. Ki rubuta tun kina tsaye a wurin, da fensir, biro yana zuba in ya jiƙe. Lambar samfuri, kwanan wata, sunan wuri, lambobin GPS, da tsayin wurin. Sauda tana kusan mita 3,000, ta bambanta ƙwarai da gangaren Tihama mai sauka zuwa bakin teku. Sai babban abu: a kan me ta tsiro? Dutse, ƙasa, ko ɓawon itacen ar'ar (juniper a Turance)? Inuwa ko sarari? Mai tantancewa da wannan yake fara aiki. Ki nemi mai ɗan siririn kara da ƙoƙo a kai, wannan ƙoƙon yana sauƙaƙa gane jinsi sosai.

Hajiya ta Ɗa'if: Mu nan Shafa da Hada akwai ta a jikin duwatsu bayan ruwan sama. Ki zo 'yar nan, masauki na nan.

Dakta na Riyad: Na manta, in za ki shiga Raida, gandu ne mai kariya, sai da izinin hukumar kula da namun daji. Kuma ko ina ne, kada ki kwashe duka. Ba ta da saiwa ta gaske, tana ɗagowa da bakin wuƙa cikin sauƙi, amma kafin ta mayar ana daɗewa. Abin da bai wuce tafin hannu ba ya isa.

Malam na Baha: Dajin Ragadan ma yana da ita, gefen da hazo ke bugawa. Ki riƙe gilashin hannu mai ƙara girma sau 10, sau da yawa iri biyu ko uku ne a cakuɗe wuri ɗaya.

Ɗalibar Abha: Allah ya saka da alheri, iyayena. Yau zan zauna in ninke ambulan. Dakta, in sun bushe ana sa su a firiza don kashe ƙwari, ko?

Dakta na Riyad: Haka ne, amma sai sun bushe sarai tukuna. A nan ne leda ke da amfani: ki ƙulle ambulan ɗin a ciki, in kin fito da su kada ki buɗe sai sanyin ya sake su.